Gurbin Numfashi

Uwani ce ta shigo shagona a Tudun Wada,
ranar Talata, dab da kiran la'asar,
riƙe da littafin rubutu mai koren bango
wanda gefensa ya sha man gyaɗa.
Ta ce, "Waƙar Baba ce, daga kaset na kwafo.
A buga mini ita babba, gilashi zan sa."

Ni da na saba da katin suna da kalandar 'yan kasuwa
na ce ta dawo jibi.
Jibi ya zo ya same ni a layin farko.

Harafin da na fi so, mai siririn wuya,
mai tafiyar ɗan boko a titin Samaru,
ashe ba shi da lanƙwasa.
Sallau ya rera, "Ƙasa ta karɓe ki, Kande,"
kwamfuta ta rubuta kasa,
sai ga macijiya kwance a tsakiyar baiti.
Na kore ta.
Na ɗauko wani harafi gajere, mai faɗin kafaɗa,
ba kyau ne da shi ba,
amma kowace ƙa tana saɓe da ƙugiyarta.

Sai launi.
Ja ya cika baki, ya hana mutum magana.
Ruwan zinare ya mai da makoki gayyatar walima.
Na rufe shago, na hau babur,
na tsaya wajen Ƙofar Doka bayan yayyafi
ina kallon tsohuwar katanga da ta jiƙa rabi.
Launin nan, tsakanin jar ƙasa da hanta,
shi na ɗauko a wayata.

Tanimu, yaron shagona, ya leƙo ta kafaɗata:
"Oga, sa zuciya, sa fure, haka ake yi."
Na duba baiti goma sha ɗaya.
Babu fure.
Akwai tulu, akwai faifai a bakinsa,
akwai takalmi ƙafa ɗaya a bayan ƙyaure.
Ko sau ɗaya mutumin bai ce ya yi kuka ba,
to ni wane ne da zan ɗiga masa hawaye?
Fuskar Kande kuwa ban taɓa gani ba,
in na zana, 'yar wani zan zana.
Faifan kawai na zana, ƙarami, can ƙasa ta hagu,
ya ɗan goce daga bakin tulun.

Amshin ya zo sau tara.
Mai tattalin tawada sau ɗaya zai rubuta.
Na rubuta taran,
kowanne ya fi na gabansa ƙanƙanta,
na ƙarshen sai ka kai hanci kusa.

Abu ɗaya ya hana ni barci.
A kaset ɗin, bayan baiti na bakwai,
murya ta ɗauke.
Gurmi ke tafiya shi kaɗai,
zakara ya yi cara a wani gida,
wani ya ja kujera.
Da wane harafi ake rubuta wannan?

Na bar wurin fari, faɗin yatsu huɗu.
Malam Barau mai injin bugawa a Sabon Gari
ya ɗaga takardar a hasken taga,
ya ce, "Ka manta wani abu, ko kuɗi ne ya yi maka yawa?"
Na ce a buga haka.

Uwani ta zo da hantsi.
Da yatsa take karatu, leɓɓanta na motsi.
Ta wuce tulu, ta wuce takalmi,
ta iso farin, yatsan ya tsaya.
Fanka na juyawa.
Ta ce, "Nan ne ya juya mana baya.
Ina zaune, shekarata bakwai."

Sannan ta gyara mayafi,
ta nemi ragin ɗari biyar, na rage.

Sai da ta tsallaka titi na tuna
ban sa lambar wayata a ƙasan takardar ba.